Lahadin da Kawu ya taka teku

Kawuna ya fi shekara talatin yana zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Kwatano. Ya yi safarar atamfa, ya yi ta shinkafa, ya yi ta dilolin gwanjo, daga baya ya koma harkar motoci. Gidan da na tashi a cikinsa a Mokoyo, tun daga kwanon rufi har agogon bangon zaure, da wuya ka nuna abin da bai hau jirgin ruwa ba kafin ya iso mana. Amma sai a ranar da zan ba ku labarinta na gano cewa duk tsawon shekarun nan ƙafar Kawu ba ta taɓa shiga ruwan teku ba. Ya san ƙofar tashar jiragen ruwa, ya san filayen motocin da ke kan hanyar Porto-Novo, ya san masallacin Zango da mai tuwon da ke kusa da shi. Teku kuwa ta gilashin mota yake hango shi, yadda mutum ke hangen gonar da ba tasa ba.

Lokacin hutun ƙarshen shekara ne, kafin a rufe gadar Gaya a 2023. Ni malamin makaranta ne, ban san kan ciniki ba, amma hannuna ya faɗa da tuƙi, shi ya sa Kawu ya ce in raka shi mu taho da wata mota da ya saya. Kusan kilomita 1,400 ne: Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso, Gaya, a haye kogi a faɗa Malanbil, sannan Kandi, Paraku, Bohikon, har Kwatano. Wannan doguwar hanya labarinta daban ne. Komai ya kammala ranar Asabar, saura takarda ɗaya tak wadda sai Litinin za a sa mata hannu. Lahadi ta same mu ba aikin fari bare na baƙi.

Niyyar Kawu ita ce ya shimfiɗa tabarma a zauren mai masaukinmu, a ɗora shayi, ya wuni yana lissafi da carbi a hannu. Da na ce ina so in je bakin teku, sai ya dube ni ta saman tabarau.

"Mushe, mi za ka gani can? Ruwa ne fa. Ba ka ga tafkin Madarunfa ba?"

Mushe yake ce mini in yana jin tsokana, wato monsieur na Faransanci, yadda ƴan makaranta ke kirana. Ƴan'uwanmu na Najeriya in suka ji sai su yi ta dariya, don su mushe ɗaya suka sani, wanda ungulu ke sauka a kansa. Ɗan mai masaukin ne ya raba gardamar. Saurayi ne haifaffen Kwatano, kakansa Bagobiri daga Tsibiri, yana jin Hausa da Faransanci da yaren Fon kamar ya sha su a nono ɗaya. Ya ce, "Baba Alhaji, ku zo in kai ku Garan-Popo ta hanyar masunta, mu dawo ta kwalta. Kafin isha'i muna gida." Kawu ya ce to, amma kowa ya sani shi ba zai sa ko dala a kuɗin mai ba.

Muka fita bayan asuba a tsohuwar motar yaron. Ko da sassafen Lahadi titi cike yake da babura. Abin da muke ce wa kabu-kabu su zemijan suke cewa, ko zem a gajarce, kowa da rigarsa ruwan ɗorawa mai lamba a baya. Mun sha mai a bakin titi daga manyan kwalabe, irin na ƴan ruwa-ruwanmu sak, kuma gida ɗaya suke ɗebowa, wato Najeriya. Su kpayo suke kiransa.

A unguwar Fijirose na fara jin sa tun ban gan shi ba. Wani gunji ne can ƙasa-ƙasa, kamar hadarin gabas ya taso yana ruri, sai dai shi hadari yakan zuba ya huta, wannan kuwa ba ya numfasawa. Da muka zagaya bayan wasu gidaje sai ga shi. Duk ruwan da na sani a rayuwata yana da ƙetare. Gulbinmu na Maraɗi ƴan watannin damina yake yi da ruwa, sauran shekara yara ne ke buga ƙwallo a cikinsa. Madarunfa kana wannan gaɓa kana hango itatuwan waccan. Ko kogin Gaya, da duk girmansa, gada ta ɗaure shi. Wannan kuwa ido ya tafi, ya tafi, ya gaji ya dawo. Kawu ya tambayi yaron ko wace ƙasa ce a ƙetare. Ya ce, "Baba Alhaji, in ka miƙe kudu sak daga nan, ba ka sake taka ƙasa sai ƙanƙarar ƙarshen duniya." Kawu ya ce, "Allahu Akbar," ya ɗaga gilashi don iska na kaɗa masa hula.

Hanyar masunta ta miƙe yamma ne tsakanin ruwa biyu, teku a hagu, a dama kuma wani siririn tafki mai ruwan zartsi da ke bin gaɓar. A lokacin kwaltar ba ta yi nisa ba, bayan Togbin da kaɗan ta ƙare, sai jar ƙasa da rairayi. Kwakwa ta ko'ina. Na daɗe ina ganin ƴaƴanta a kasuwa an fasa an jera a faranti, amma ban san uwar ba. Doguwa ce kamar giginya, sai dai giginya tsaye take ƙyam kamar dogarin sarki, ita kuwa kwakwa duk ta karkata wuya wajen ruwa kamar mai sauraron gulma. Da ganyenta ake rufi, da shi ake saƙa dangar gida, yadda muke yi da zana.

Kusa da ƙauyen Abelekete muka iske ana jan taru, na ce wa yaron ya tsaya. Tun da duhu jirgi ke fita da tarun. Yana barin kan igiya ɗaya a tudu, ya yi babban zagaye cikin ruwa yana zubar da shi, ya dawo da ɗaya kan can gaba. Daga nan sai aikin ƙarfi. Mutane sun kasu layi biyu, manya da samari har da yara, kowa ya riƙe igiya ya jingina da baya, suna ja taku ɗai-ɗai. Wanda ya kai ƙarshen layi ya saki, ya ruga gaba bakin ruwa ya sake kamawa. Abin da aka jawo ana naɗe shi a gindin kwakwa, kada ruwa ya ƙwace. Wani dattijo na gefe yana buga ƙarfe, suna amsa masa waƙa, kiɗan ne ke faɗa wa kowa lokacin da zai ja da lokacin da zai numfasa.

Kawu ya fito daga mota ya tsaya yana kallo, hannu a baya. Can sai ya ce, "Wanga ai gayya ce." Kafin in ankara ya naɗe hannun babbar riga ya kama igiya. Wurin ya kaure da ihu, "Alaji! Alaji!" Bai yi minti biyar ba ya saki, tafin hannunsa ya yi jawur, yana haki yana dariya. Rabon da in ga haƙoransa haka tun bikin autarsa.

Mun fi awa guda muna jira kafin jakar tarun ta fito. Mata sun riga sun jeru da darurruka. Da aka zazzage, ƙananan kifaye ne masu ƙyalli suna tsalle a rairayi, da ƴan ƙaguwa, da leda da robobin ruwa masu yawan da ya ba ni kunya ko da ba ni na zubar ba. Aka shiga kasawa tsibi-tsibi, na mai taru, na waɗanda suka shiga ruwa, na masu ja. Kawu, da idon ɗan kasuwa, ya ƙirga kawuna ya dubi tsibin, ya girgiza kai. "Wanga sana'a ta ɗara noman gero wuya." Yaron ya ce kukan tsofaffin masunta ke nan kullum, wai manyan jirage na can nesa suna share kifin tun bai iso gaɓa ba. Jiragensu kuwa, masu zane-zane da tutoci, daga Gana ake kawo su, gungume guda ake sassaƙewa ya zama cikin jirgi. Na tambayi sunan itacen, aka ce wawa. Kawu ya ce lallai sunan ya dace, don ba mai hankalin da zai yarda a tura shi cikin wannan ruwa.

Ba mu yi nisa da nan ba yaron ya kauce wa wani rami, ya faɗa rairayi mai laushi. Mota ta zauna. Ya yi ta taka totur, tana ƙara haƙa wa kanta kabari. Ku dubi abin kunya, mutanen da suka fito daga ƙasar rairayi, sun yi tafiyar kwana biyu, sun zo bakin teku rairayi ya kama su. Nan Kawu ya karɓi ragama. "Kashe ta, ɗana, kashe ta!" Ya sa muka rage iskar tayoyi, muka yashe gabansu da hannu, muka jawo busasshen ganyen kwakwa muka shimfiɗa. "Haka muke yi hanyar Dakoro tun ba a haife ku ba." Wasu samari huɗu suka zo suka sa kafaɗa, sau biyu aka tura ta fita. Kawu, wanda ya rantse ba zai kashe ko dala ba, ya zaro jika guda ya miƙa musu, tunda sefar tamu ita ce tasu. Ɗaya daga cikinsu ya haye kwakwa ba igiya ba tsani, ya jefo uku, ya sare kawunansu da adda. Ruwan ciki ba sanyin firiji gare shi ba, amma ya kashe ƙishirwa fiye da duk abin da na taɓa saye a kwalba.

Wajen hantsi muka hango ƙofar. Doguwa ce, tsaye ita kaɗai a bakin ruwan garin Wida, ba bango ba gida. A samanta an zana mutane layi biyu ɗaure da igiya, sun nufi jirgi. A 1995 aka gina ta, ana kiranta ƙofar da ba a dawowa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya aka ɗora wa jirgi daga wannan gaɓa cikin kusan shekara ɗari biyu. Babu tasha a wurin, ba a taɓa yin ta ba. Manyan jirage can nesa suke tsayawa, a zuba mutane cikin kwalekwale a ratsa da su waɗannan raƙuman ruwa da ke dukan ƙasa a gabanmu.

Kawu ya ce, "Su wa aka kwasa haka?"

Na ce, "Kawu, har da mu."

Ya juyo. Nan dai malantar ta motsa. Yaƙin da ya fitar da sarakunan Katsina daga birninsu a 1807, har Ɗan Kasawa ya zo ya zauna Maraɗi daga baya, shi ne yaƙin da ya cika kasuwannin kudu da kamammun Hausawa. Wanda aka kama a wannan ɓangare ko wancan, daga hannu zuwa hannu ake sayar da shi, ya ratsa Nufe da ƙasar Yarbawa, ya ƙare a Ikko, ko Badagiri, ko Porto-Novo, ko nan Wida. Da yawansu Bahiya aka kai su, a Barazil. Ba su kwanta ba kuwa. Tun a 1807 ɗin aka tona wani shirin tawaye na bayi Hausawa a Salbado, babban birnin Bahiya. A watan Janairun 1835, cikin azumi, Musulmin birnin suka tashi da dare da fararen riguna, galibinsu Yarbawa, da Hausawa a cikinsu. An murƙushe su kafin gari ya gama wayewa. A jikin waɗanda suka faɗi an samu layu da takardu rubuce da baƙaƙen Larabci, wasu suna nan ajiye a can har yau. Wato wani yaro da ya wanke allo a wata tsangaya ta ƙasar Hausa, ya girma ya rubuta abin da ya haddace a ƙetaren wannan ruwa.

Ina magana Kawu na tsintar ƴan ɓawon kifi a rairayi yana jujjuyawa. Ya ce sun yi kama da wurin da ke jikin tsohuwar ƙwaryar kakarsa. Na ce ba su ba ne, amma ta nan wuri ya biyo. Daga tsibiran Maldif na tekun Indiya Turawa ke lodo shi, su sauke a wannan gaɓa su biya kuɗin mutane, fatake su haura da shi arewa. Kalmar kuɗi ma da muke faɗa dare da rana, jam'in wuri ce. Ni ba na son irin labarin nan da ake jibga wa Bature komai mu tashi da farar riga. Jirgi nasa ne, bindiga tasa ce, gonar rake tasa ce, amma igiyar tun daga tudu ake ɗaura ta. Sarakunan Dahome, da suka ci Wida a 1727, da wannan ciniki suka yi ƙarfi. Mahayanmu na Maraɗi da Gobir su ma sun kai hari sun kamo mutane, an kuma kawo musu an kama nasu. Kawu bai ce uffan ba. Ya zuba ɓawon a aljihu, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa.

Daga ƙofar zuwa cikin gari kimanin kilomita huɗu ne, ita ce hanyar da bayi suka taka da ƙafa. Da yake mu daga bakin ruwa muka ɓullo, a juye muka bi ta, muka fara daga inda suka ƙare. Da haye gadar tafki sai ga hayaƙi na tashi daga wasu bukkoki a fadama. Jegbaji ke nan, ƙauyen masu gishiri. Aikin mata ne, kuma da rani ake yin sa, lokacin da ruwa ya ja baya ya bar ƙasa da farin ɓawo. Sai su kankare ɓawon, su zuba a manyan kwanduna, su kwarara ruwa a kai, ya tsatso ta ƙasa yana ɗiga. Wata mata ta nuna mana yadda take gane ruwan ya yi, ta jefa ƙwarar kwakwar manja a ciki. In ta nutse da saura, in ta taso ya isa dafuwa. Sannan a ɗora a faffaɗan kwanoni bisa murhun laka, a yi ta iza wuta har ruwa ya ƙone ya bar gishiri fari tas. Kawu ya dangwala ya lasa. "Ashe Foga ta zo nan." Gaskiyarsa. Haka ake yin gishirin kwarin Foga a ƙasar Gaya, a tace ƙasa a dafa ruwan. Ya taya, ta ƙi, ya juya kamar zai tafi, ta kira shi. Duk da ba mai jin yaren wani, cinikin ya faɗa da yatsu. Muka sayi leda biyu.

Sauran hanyar akwai gumaka jefi-jefi, da wurin da aka ce nan ramin da ake zuba waɗanda suka mutu kafin jirgi ya zo yake, da inda itacen mantuwa ya taɓa tsayawa. Masu yi wa baƙi jagora suna cewa namiji sau tara ake sa shi ya zagaya itacen, mace sau bakwai, wai don su manta gida. Na tuna da takardun Bahiya, na ce a raina zagayen bai ci ba. Hanyar ta ƙare a dandalin Shasha, laƙabin Francisco Félix de Souza, ɗan Barazil ɗin da ya zama babban dillalin sarki Gezo, ya mutu a garin a 1849. Zuriyarsa na nan, haka ma zuriyar ƴantattun bayin da suka dawo daga Barazil, waɗanda ake kira Aguda. Ashe ƙofar ma wasu sun dawo ta cikinta.

Wida gari ne mai sanyin jiki, tsofaffin benaye masu tagogin katako, fenti duk ya koɗe. Mun ga ganuwar Turawan Fotugal daga waje. A 1721 suka gina ta, kuma suka riƙe wannan ɗan fili har 1961, shekara guda bayan Dahome, wato Benin ta yanzu, ta samu ƴancin kai. Da aka ce su fita, sai suka cinna mata wuta suka tafi. A tsakiyar gari kuma ɗakin tsafin mesa ne ke kallon babbar majami'ar Katolika, titi kawai ya raba su. Kawu ya ce ko da kuɗi aka haɗa shi ba ya shiga. Ni na leƙa. Ƙananan mesa ne marasa dafi, sun kanannaɗe a wani ɗaki mai duhu, in ɗaya ta fita yawo ta shiga gidan mutane, ɗauko ta ake yi da ladabi a maido. Da na fito Kawu na ta tsaki, na ce, "Kawu, mu da muka fito garin bori, kuma tarihinmu ya fara da macijin rijiyar Daura?" Ya ce in rufe masa baki in nemo masallaci. Muka yi azahar a cikin gari, muka hau kwalta.

Daga nan ƙasar ta canza. Teku ya ɓace, sai gonakin rogo da masara, da kwakwar manja, da mata a bakin hanya da tulin abarba da kwalaben manja da buhunan gari. Kore ko'ina, a watan da gonakinmu ba abin da ya rage sai kara. A Gezin muka haye bakin tafkin Aheme. Cikin ruwan an kakkafa rassan itace cunkus kamar shinge. Akaja suke ce masa. Kifi ya shiga ya samu abinci da maɓoya ya yi ƙiba, bayan watanni mai shi ya kewaye da koma ya kwashe. Gona ce a cikin ruwa, har da rikicin iyaka irin na gona.

A Kome yunwa ta tsayar da mu. Garin ya yi suna da ablo, wani farin abu mai laushi da ake turarawa, in ce waina ce da ba ta ga tanda ba. Da soyayyen kifi ake ci da jajjagen barkono. Kawu ya fara da bincike, mi aka sa, da wane mai aka soya. Da ya tabbata kifi ne zalla sai ya yi shiru, ba mu sake jin muryarsa ba sai da ya nemi ƙari. Ruwan kwalbar da muka kora da shi na Posotome ne, wani gari a gaɓar tafkin nan mai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi.

La'asar ta kawo jiki muka haye kogin Mono muka shiga Garan-Popo. Gari ne siriri, dogo, matse tsakanin kogi da teku. Yaron ya kai mu tsohuwar unguwa, inda kangayen kantunan Turawa suke, na zamanin cinikin manja. Rufi ya zube, itatuwa sun tsiro ta tagogi, awaki na kwance a inda akawu ke zama. Ya nuna cikin ruwa ya ce tsofaffi na cewa can ma da gari ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A wannan gaɓa ruwa na tafiya da rairayi daga yamma zuwa gabas, ya ɗebe nan ya ajiye can, wani ya zo ya maye gurbinsa. Da aka gina madatsar Akosombo a kan kogin Bolta a Gana a 1965, rairayin da kogin ke kawowa ya ragu. Katangar tashar jiragen ruwa ta Lome ita ma ta tare wanda ke wucewa. Teku kuwa bai daina ɗiba ba, sai ya koma cin tudu. Na yi tunanin kayan da ke iso mana Maraɗi ta irin waɗannan tashoshi, na dubi kangayen. Kawu shi wani abu ya tuna. Ya ce mahaifinsa ya sha ba shi labarin ambaliyar 1945, da gulbi ya cinye tsohuwar Maraɗi ta cikin fadama, aka tayar da gari aka maido shi bisa tudu. "Mu mun samu tudun da muka hau. Su wanga ina za su?"

Yaron ya ce saura kamar kilomita ashirin a kai Hilakonji, iyakar Togo, inda agogo ke komawa baya da awa guda. Kawu ya ce shi awar da ke hannunsa ta ishe shi. Muka gangara bakin ruwa don yin salla, sai muka iske buta ba ko ɗigo, mun ƙarar wajen wanke hannun kifi. Na fara cewa ai akwai hadisi a kan ruwan teku. Kawu ya katse ni.

"Ni za ka koya wa? Na karance shi zaure tun kana ciki. Ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne." Ya ɗan yi shiru, fuska a ɗaure. "Ka ji, Mushe, nan wurin kai ma ka samu shiga."

Yaron ya yi dariya har da zama a ƙasa. Sai daga baya abin ya dawo mini. Malamai nawa ne a zaurukan Maraɗi suka karantar da hukuncin wannan ruwa, suka yi bayaninsa dalla-dalla, suka koma ga Allah ba su taɓa ganin sa ba?

Gaɓar Garan-Popo tana da gangara, ruwanta kuma yana ja, yaron ya gargaɗe mu kada mu wuce idon sawu. Kawu ya cire takalma ya ajiye a inda ya ga kamar busasshe ne, ya tattare riga, ya tako a hankali kamar mai shiga gidan surukai. Kumfa ta zo ta rufe ƙafafunsa, ta koma tana zare rairayi daga ƙarƙashin dugadugansa, ya yi taga-taga ya dafa kafaɗata. Ya tsuguna ya ɗebo ya kurkure baki, ya furzar, ya yamutsa fuska. "Kai! Wanga miya an cika mata hannu." Yana cikin shafar kai wani babban raƙumin ruwa ya taso, ya wuce mu, ya haye har inda takalman suke. Ɗaya muka tsinta. Ɗayan mun gan shi sau biyu yana lilo a kan kumfa, daga nan shi ke nan.

Muka juya wa ruwan kafaɗa muka fuskanci gabas, Kawu ya ja mu raka'a biyu. Gunjin bai bar ni na ji kabbararsa sosai ba, da ganin motsinsa na bi shi. Bayan sallama ba wanda ya tashi. Rana ta yi ja cikin hazon hunturun da ya biyo mu tun daga gida, ta sauka can wajen Togo.

Komawa kilomita 85 ne a kan kwalta, cikin duhu da fitilun manyan motocin da suka fito daga Lome. A shingen biyan kuɗin hanya na Ahozon, Kawu ne ya miƙa kuɗin ba wanda ya tambaye shi, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Isha'i ta riga mu gida da nisa.

Ranar Alhamis muka shigo Maraɗi da motar. Na kai wa Inna ledar gishiri, ta lasa ta ce na Foga ne aka wanke, ta ajiye shi don miyar baƙi. Ɓawon kifin kuwa jikoki suka rabe. Da dare abokan Kawu suka taru a ƙofar gida ana shayi, ina daga gefe ina jin sa yana ba da labarin yadda ya ja taru da yadda ya fitar da mota daga rairayi, takalmin ne kawai bai ambata ba. Wani tsoho a cikinsu, wanda bai taɓa wuce Dosso ba, ya ce, "To Alhaji, tekun nan, ya kai Madarunfa?"

Kawu ya kurɓi shayi, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ya ɗan fi ta," in ji shi.